Zarto Da Guduma A Hannun Ɗan Boko



An nemi in yi magana a kan abin da mai ilmi ya kamata ya yi da lokacin hutunsa. Na zaɓi in yi magana a kan aikin katako, watau mutum ya ƙera wa kansa kanta, ko benci, ko tebur, a gidansa, da hannunsa. Na san wasunku za su ce a ransu, mun baro gida mun zo jami'a, sa'an nan a tara mu a yi mana zancen kafinta? To, ina roƙon ku ku ba ni aron kunnuwanku na ɗan lokaci, gama wannan tambaya da kuka yi a ranku ita ce ainihin ciwon da nake so mu duba.

Ku dubi yadda saurayi yake fara rayuwa bayan ya gama hidimar ƙasa. Ya sami aiki, ya kama ɗaki da falo, bai mallaki komi ba sai tabarma da akwati da littattafai. Kafin albashi na uku ya shigo, ya je ya ɗauko kujerun kushin da tebur da kabad bashi, domin kada abokai su zo su tarar da shi a ƙasa. Shekara guda yana biya. Kafin ya gama biya, ƙafar tebur ta fara rawa, ƙofar kabad ta ƙi rufuwa, shi kuwa ko ƙusa ɗaya bai iya bugawa ba, tilas ya sake neman wanda zai biya ya gyara. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma bashin da aka ci don a burge baƙo ba shi da ranar ƙarewa.

Wannan hali ya daɗe tare da mu. Tun zamanin Turawa aka kafa makarantar boko a kan ta fitar da akawu da malamin hakimi, har aka wayi gari farar riga da alƙalami su ne alamar wanda ya ci gaba. Da kuɗin man fetur suka shigo, aka yi ƙarin albashin Udoji bayan rahoton 1974, sai sayen kayan waje ya zama abin yayi. Gwamnati ta lura da illar, ta fito da Manufar Ilmi ta Ƙasa a 1977, aka soma tsarin 6-3-3-4 a 1982, wanda ya tanadi a koya wa kowane yaro aikin katako da na ƙarfe a ƙaramar sakandare. An sayo injuna daga ƙasashen waje, amma a makarantu da yawa suka tsufa cikin akwatunansu, don babu wutar lantarki, babu ɗakin aiki, babu malamin da zai koyar. Saboda haka galibinmu muka fito da kai cike da ilmi, hannu kuwa bai san komi ba sai biro.

Abin mamaki shi ne, babu inda muka gaji wannan raini. Ya tabbata a cikin Sahihu Muslim cewa Annabi Zakariyya, alaihis salam, kafinta ne. Annabi Nuhu da hannunsa ya ƙera jirgi. Mumbarin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, wani kafinta ne a Madina ya yi shi da itace. An ruwaito cewa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yakan tufka igiya ya sayar don ya ci daga guminsa. A ƙasar Hausa kuwa, masassaƙi mutum ne da babu gidan da ya wadatu da barinsa: shi ke yin turmi da taɓarya, da akushi, da ƙotar fartanya, da kujera 'yar tsugunne, da allon da dukanmu muka fara karatu da shi. Da gatari da gizago kaɗai yake fitar da waɗannan, kuma ya san cewa ƙirya ce ta dace da turmi, aduwa kuwa da allo.

Haka kuma a sauran duniya. Sarkin Musulmi Abdulhamid na Biyu na Daular Usmaniyya, wanda ya yi mulki daga 1876 zuwa 1909, gwanin aikin katako ne, yana da ɗakin aikinsa a cikin fada. Jimmy Carter, Shugaban Amurka wanda ya ziyarci Nijeriya a 1978, ya ƙera da yawa daga kayan gidansa da kansa, har ma da zai sauka daga mulki a 1981, kyautar da ma'aikatansa suka yi masa ita ce kayan aikin kafinta. A ƙasar Italiya, a 1974, wani masanin zanen kaya mai suna Enzo Mari ya fitar da zane-zanen tebur da kujera da gado da kanta waɗanda kowa zai iya haɗawa da falanki da ƙusa da guduma kurum, ya riƙa ba duk wanda ya nema kyauta. Manufarsa ita ce, wanda ya taɓa haɗa tebur da hannunsa, in ya shiga kanti zai gane kaya mai ƙwari da na banza, ba za a ruɗe shi da ƙyalƙyali ba. Wannan ita ce riba ta farko da nake so ku riƙe.

Yanzu bari mu shiga cikin aikin sosai. Abu na farko da ya wajaba mai koyo ya sani shi ne halin katako. Itace, ko bayan an sare shi an tsaga shi, bai daina shan damshi da fitar da shi ba. Ɗanyen katako cike yake da ruwa. Sa'ad da yake bushewa ba ya tsukewa sai ruwan da ke cikinsa ya sauko kimanin kashi 30 cikin 100 na nauyin busasshen itacen. Daga nan ne yake fara raguwa. Kuma ba ya raguwa daidai ta kowane gefe: tsawonsa kusan ba ya canzawa, faɗinsa ne ke tsukewa. Shi ya sa falanki yake lanƙwashewa kamar kwano, ko ya tsage daga baki.

Wannan magana ta fi shafarmu mu mutanen Arewa. Galibin katakon da ake sayarwa a kasuwanninmu daga dazuzzukan Kudu ake kawo shi, inda iska take da laima, sau da yawa kuma bai gama bushewa ba aka ɗora shi a mota. A nan kuwa, cikin hunturu, laimar iska a Kano ko Sakkwato takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, a watan Agusta kuma ta haura kashi 70. Ruwan da ke cikin katako yana bin wannan hawa da sauka, daga wajen kashi 5 zuwa wajen kashi 15. Falanki mai faɗin inci 12 yana iya raguwa da kusan rubu'in inci tsakanin damina da hunturu. Wannan ne dalilin da ya sa ƙofa takan cije da damina, ta saki da rani. Saboda haka in ka sayi katako kada ka yi garaje. Ka jera shi a inuwa inda iska ke ratsawa, ka ɗaga shi daga ƙasa, ka sa 'yan sanduna masu kauri ɗaya tsakanin falanki da falanki, kimanin ƙafa biyu-biyu, ka danne saman da abu mai nauyi, ka bar shi makonni. Wanda ya sayi katako a farkon hunturu ya yi aikinsa a ƙarshensa ya yi dabara.

Na biyu, sanin irin itacen. Obece fari ne, ba nauyi, yana da daɗin yanka, ga araha, shi ya fi dacewa da mai koyo. Aibinsa shi ne gara da ƙwari masu huda suna son sa. Malaina, wadda asalinta daga Asiya aka kawo ta aka shuka, ita ma ba ta da wuyar aiki kuma ba ta cika lanƙwashewa ba in ta bushe. Iroko yana da nauyi da tsada, amma yana jure wa gara da ruwa. Maɗaci, wanda muke gani a bakin titunan garuruwanmu, shi ne mahoganin ƙasarmu, ja ne mai kyan gani. Ko wane iri ka zaɓa, ka lura da cewa jan cikin itace ya fi farin gefensa ƙwari, farin nan shi ƙwaro ke fara ci. Ka ɗaga falanki ka hanga shi daga baki ɗaya zuwa ɗayan, kamar mai duba sanda; in ya karkace, ko ya murɗe, ko ka ga 'yan huji da gari yana zuba, ka ajiye shi. Araha ba ta ado.

A nan tilas in tsaya in faɗi wani abu mai nauyi. Itatuwan da muke magana a kansu suna ƙarewa. Madobiya, wadda take da yawa a dazuzzukan Taraba da Adamawa, an yi mata saran wawa a shekarun 2010 ana kai ta ƙasar Sin, har aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta CITES ta taƙaita cinikinsu daga farkon 2017, aka kuma dakatar da fitar da ita daga Nijeriya a 2018. A taron da aka yi a Panama a 2022, maɗaci da kawo su ma suka shiga wannan jeri. Wani zai ce, in haka ne, me ya sa kake kiran mu mu ƙara cin katako? Amsa ita ce, abin da ke cinye daji shi ne kayan da ake yi yau su lalace gobe, a sake saran wani itacen. Kanta ɗaya mai ƙwari da za ta shekara 40 ta fi sauƙi ga daji a kan guda biyar da za a jefar. Har wa yau, mai aikin gida yana iya amfani da abin da masana'anta ba ta kula da shi: akwatunan kaya, da tsofaffin ƙofofi, da katakon da aka cire daga gini. Tun a 1934 wani mai zanen gine-gine na ƙasar Holan, Gerrit Rietveld, ya yi kujera da irin katakon akwatin kaya, ga ta yau a gidajen adana kayan tarihi. Kuma duk wanda ya yanka falanki, bashi ne a kansa ya dasa itace.

Na uku, kayan aiki. Kada tsadar injuna ta firgita ku. Mai farawa yana bukatar zarto, da guduma, da tef na awo, da sukwaya, da fensir, da sukundireba, da abin huda katako, da samfefa, da gam fari. Gogewa da tsaga falanki a tsaye kuwa, masu inji a kasuwar katako suna yi a kan kuɗi kaɗan. Ka tuna dai falankin da ake kira inci ɗaya, in an goge shi, yakan dawo wajen kashi uku cikin huɗu na inci, sai ka yi lissafinka da abin da ya rage.

Bari in kawo misali da abin da kowane ɗalibi yake bukata, watau kantar littattafai. Falanki biyu sun isa, irin na kasuwa mai kaurin inci 1, faɗin inci 12, tsawon ƙafa 12, watau inci 144. Daga na farko ka yanke guda biyu masu tsawon inci 48, su ne bangon dama da na hagu, da guda ɗaya mai inci 30. Daga na biyu ka yanke guda huɗu masu inci 30. Ka sami shimfiɗu biyar ke nan: ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa, uku a tsakani. Ragowar ka sa a tsaga maka ita 'yan sanduna goma masu faɗin inci ɗaya, waɗanda za ka liƙa a jikin bango biyun nan, shimfiɗu su zauna a kansu. Shimfiɗar ƙasa ka ɗaga ta inci 3 daga daɓe, don tsintsiya ta shiga, ka kuma riƙa ganin hanyar gara in ta taso. Gidaje huɗun da suka samu, ka ba na ƙasa inci 13 domin fayil da manyan littattafai, sauran kuwa 10, da 9, da 9.

Me ya sa na ce inci 30, ban ce 60 ba? 'Yan'uwanmu na sashen injiniya sun san amsar. Littattafai suna da nauyi, jerin ƙafa ɗaya yakan kai wajen kilo 10. In ka ninka tsawon shimfiɗa sau biyu ka cika ta da littattafai, lotsawarta za ta ninka har sau 16. In kuwa ka ninka kaurinta sau biyu, ƙarfinta na jure lanƙwasa zai ninka sau 8. Ashe lissafin da muke haddacewa don jarrabawa yana nan zaune a cikin kanta.

Wajen haɗawa akwai ka'idodi huɗu. Ta farko, ka auna sau biyu kafin ka yanka, ka ja layi da sukwaya, ka bi da zarto ta gefen da za a yar, gama zarto kansa yana cin katako. Ta biyu, ƙusar da aka buga a bakin falanki, inda jijiyoyin itacen suka ƙare, ba ta riƙo sosai. Shi ya sa muka sa 'yan sandunan nan su ɗauki nauyin. In za ka buga ƙusa kusa da baki, ka fara huda wurin, ko ka dakushe tsininta da guduma, ba za ta tsaga katakon ba. Ta uku, gam ya fi ƙusa riƙo in fuskokin biyu sun haɗu sumul. Ka shafa kaɗan, ka matse, ka goge wanda ya tsattsafo da jiƙaƙƙen tsumma, ka bar shi ya kwana. Ta huɗu, kafin gam ya kama, ka auna daga kusurwar sama ta dama zuwa ta ƙasa ta hagu, sa'an nan ka auna ɗaya ɓangaren. In awo biyun sun zo ɗaya, kantarka ta miƙe. In sun saɓa, ka tura ta har su daidaita. Daga nan sai ka rufe bayanta da siririn filawud, ka bi shi da ƙananan ƙusoshi ta kowane gefe. Wannan bayan shi ke hana kanta jirkicewa, kuma rashinsa ne ke sa kayan kasuwa da yawa su riƙa rangaji.

Saura gyaran fuska. Ka fara da samfefa mai kaushi, lamba 80, ka koma 120, ka ƙare da 180, kullum kana bin tsawon jijiyar itacen. Ka share ƙurar, ka shafa banish siriri, ya bushe, ka ɗan goge, ka ƙara shafi na biyu. Ka shafa ciki da waje da ƙasan ƙafafu, don kada gefe ɗaya ya riƙa shan laima ɗayan bai sha ba. Wanda ya gama kanta zai iya benci, wanda ya iya benci zai iya tebur. Ka riƙe awo biyu kawai: tsayin teburin rubutu wajen inci 30, mazaunin kujera wajen inci 18.

Rigakafi ya fi magani, don haka ku kiyaye waɗannan. Ƙarfen da ya dakushe ya fi mai kaifi sa rauni, domin sai an danna shi da ƙarfi, daga nan ya kuɓuce. Kada hannunka ya kasance a gaban bakin abin yanka. Ka rufe hanci in kana guga, gama ƙurar wasu itatuwa, kamar iroko da mansoniya, tana sa ƙaiƙayi da sarƙewar numfashi. Ka yi shafe-shafe a fili, nesa da wuta. Baƙin mai na mota da wasu ke shafa wa katako don gara, kada ya shiga ɗakin da mutane ke kwana. In akwai yara a gida, ka ɗaure doguwar kanta da bango, don yaro yakan ɗauke ta tsani.

Na san akwai masu cewa wannan shiga gonar kafintoci ne, za mu hana su abinci. Ban yarda ba. Mai aikin gida ba zai yi rufin ɗaki ba, ba zai yi gadon amarya ba. Abin da zai faru shi ne, ran da ya je wurin kafinta zai san abin da yake nema, ba zai karɓi ɗanyen katako da aka rufe da fenti ba, kuma ba zai raina kuɗin aikin ƙwarai ba, tun da ya ɗanɗana wahalarsa. Gwanin kafinta shi zai ci riba, maha'inci kaɗai zai yi asara. Ina ma ba ku shawara, ku je wurin dattijon kafinta na unguwarku, ku gaishe shi da ladabi, ku ce, “Baba, koyo na zo.” Da ɗan gari akan ci gari. Akwai kuma masu cewa ba su da lokaci. Su duba awowin da waya take cinye musu a rana. 'Yan'uwa mata kuwa, kada ku ce wannan zancen maza ne. Wadda ta iya daka a turmi, zarto ba zai gagare ta ba, kuma ku kuka fi kowa sanin irin wahalar da iyaye ke sha wajen kayan ɗaki.

Akwai wata riba da ta wuce ta kuɗi. Yawancinku za ku zauna a ofis, takardu za su riƙa wucewa ta gabanku: kwangilar kujerun makaranta, da bencin asibiti, da ƙofofin gidajen ma'aikata. Jami'in da bai san bambancin ɗanyen katako da busasshe ba zai sa hannu a biya kuɗin jama'a a kan bencin da ba zai ga damina biyu ba, yara su koma zaman ƙasa. Bayan haka, katako yana koyar da gaskiya. Rahoto yana iya zama karkatacce a yi masa ado da Turanci ya wuce, amma tebur mai gajeriyar ƙafa kowa ya dafa shi zai sani. Wanda ya saba da aikin da ba ya karɓar ƙarya, da wuya ya ji daɗin yin ha'inci a wani wuri.

Daga ƙarshe, ina da roƙo guda ga Ƙungiyar Ɗalibai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ba kowane ɗalibi ne zai iya sayen kayan aiki ba. A birnin Berkeley na Amurka, tun 1979 laburaren gari yake ba da aron kayan aiki kamar yadda yake ba da aron littafi. Me zai hana ƙungiyarmu ta nemi ɗaki ɗaya, ta sayi zarto biyar da guduma biyar da sauran tarkace, ta naɗa mai kula da rajista, ta ɗauko kafinta ɗaya ya riƙa zuwa ran Asabar? Aikin farko ya zama gyaran karyayyun kujerun da ke jibge a bayan ɗakunan lacca. In aka yi haka, kafin ƙarshen shekara za a ga bambanci da ido, gani kuwa ya kori ji.

 Allah ya sa albarka a karatunmu, ya ba mu ilmi mai amfani da hannu mai aiki, ya tsare mu da bashi da girman kai.